Shekara Shida Muna Bin Goggo Ƙasa

A cocinmu ba mu da piyano, ba mu da jita. Ganga ɗaya ce, ita ma sai an kai amshi ake taɓa ta. Abin da muke da shi Goggo ce. Idan Fasto ya faɗi lambar waƙa, kowa zai miƙe da littafinsa a buɗe, a yi tsit, a jira ta. Za ta rufe ido, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta, sannan ta ɗauko layin farko ita kaɗai. Mu sai a layi na biyu muke shiga. Haka na taso na tarar, haka 'ya'yana suka tarar, kuma sai da na girma na je bikin wata ƙawata na san cewa a wasu majami'u kowa tare yake farawa.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma har yau da nake da jikoki biyu da shagon ɗinki mai keke uku, ba ta kira na da komai sai 'yar Yaya. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta mai gyaran agogo ne, ya riga ta tafiya da shekara ashirin da wani abu. Mutumin kirki, amma bai iya waƙa ko kaɗan ba. Ita da bakinta take cewa duk sanda yake amshi a bayanta, sai ta riƙa roƙon Ubangiji ya yi haƙuri ya duba zuciyar kawai.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin wanki na asibiti. Na san ɗakin sarai: dogo ne, kullum cike da tururi, da manyan tukwane uku na tafasa zannuwan gado, da igiyoyin shanya a baya, da teburin guga da wani ya taɓa ƙona masa kusurwa, ba ita ba. Ba ta iya karanta harafi ba, har gobe ma ba ta iya ba, amma a lamba ba a ja da ita, domin kowane zanin gado da lambar ɗakinsa a gefe, in kuwa aka kai na ɗakin haihuwa ɗakin masu tari, ranar kowa zai ji a jikinsa. Da wannan sanin lambar ta haddace littafin waƙa. Ka ce mata ɗari da sha bakwai, za ta zuba maka ita baiti-baiti, har da baiti na biyar da kowa ke tsallakewa. Duk da haka littafin yana hannunta kowace Lahadi, a buɗe daidai shafin, wai rashin ladabi ne mutum ya tsaya gaban Allah hannu na dukan cinya.

Mace ce da ba ta kwana-kwana. In ɗinkinka ya karkace za ta gaya maka, in wa'azinka ya yi tsawo za ta gaya maka, in ka yi ƙiba ma ba za ka kwana ba ka ji ba. Ta taɓa dawo min da riga sau uku a kan hannu ɗaya da ya fi ɗan'uwansa da faɗin yatsa. A na ukun na ce mata, Goggo, ba mai lura da wannan fa. Ta ce, ni na lura, ko ni ba mutum ba ce? Mutane suna jin shakkarta, kuma suna son ta, domin in ta ce abu ya yi kyau, to ka je ka yi barcinka, ya yi kyau.

Muryarta a da siririya ce mai kaifi, daga bakin titi ake jin ta. Da shekaru suka ja sai ta fara sauka, kaɗan-kaɗan, yadda ba za ka ce ga ranar da abin ya soma ba. Mu kuma muna biye da ita, domin inda ta ɗauko nan muke shiga, ba mu san wata hanya ba. Mata suka fara kukan ciwon maƙogwaro ran Litinin. Yara suka daina waƙa, sai motsa baki. Maza da farko daɗi suka ji, har aka kai inda su ma sai sun manna haɓa a ƙirji kafin su kamo ta. Muka ɗora laifin a kan sabon silin, wai yana shanye murya. Muka ɗora wa fankoki. Akwai Lahadin da dattawa suka sa aka kashe fankokin duka don a gwada, muka yi sharkaf da gumi, waƙa kuwa tana nan inda take.

Gaskiyar magana, kowa ya sani. Silin da fanka duk hanyar kauce wa ido ce. Ni kaina na sani, amma ban san nisan da muka yi ba sai ranar da mijina yake neman wata takarda a tsohuwar akwati ya ci karo da kaset na ranar da aka buɗe ginin cocin. Ya kakkaɓe tsohuwar rediyonsa ya saka. Sai ga muryar Goggo ta tashi sama fes, ikkilisiya ta bi ta. 'Yata ta leƙo daga kicin ta ce, Baba, wace coci ce wannan? Mijina ya yi dariya. Ni kam ban yi ba, shiga ɗaki na yi na zauna a bakin gado.

Bayan sati biyu Fasto ya aika a kira ni ɗan ofishinsa da ke bayan mumbari, inda ake ajiye tsintsiyoyi da farantan karɓar baikon kuɗi da wata fanka marar kai. Yaro ne a kaina, sa'an ƙanena, shi ya sa yake ce min Mama Tela.

“Mama Tela,” ya ce, “shekara shida ke nan da zuwana cocin nan. Ranar farko da aka ɗauko waƙa na ɗauka rasuwa aka yi ba a gaya min ba. Na tambayi dattawa, suka ce in bari. Na bari. Yanzu matasa sai an gama waƙa suke shigowa.”

Ya ce dattawa sun zauna sun yanke shawara. Akwai Malama, mai koyar da lissafi a sakandare, wadda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wajenmu bara. Tana da murya, ta san waƙoƙin. Daga farkon wata ita za ta riƙa ɗaukowa. Saura abu ɗaya, wanda zai gaya wa Goggo.

“Da muka zo nan,” in ji shi, “sai kowa ya tuna da ke.”

Na ce, “Fasto, ku bakwai, har da kai da aka ɗora wa hannu aka naɗa, duk kun ji tsoro, sai ni da allura kawai na sani?”

Ya ce, “Ni wa'azi aka koya min a makaranta, Mama. Ba a koya min Goggo ba.”

Na fito ina dariya, amma kafin in kai ƙofar coci dariyar ta ɗauke. Na san abin da waƙar nan take a wurinta. Shugabancin taron mata ta bar shi tuni. Zuwa gaida marasa lafiya ƙafa ta hana ta. Sa'o'inta da suka yi aikin wanki tare duk sun kwanta dama. Abin da ya rage mata shi ne layin farkon nan, shi take yi wa guga tun ran Asabar, shi ke tashinta da sassafe ran Lahadi. Tsorona shi ne in na karɓe shi daga bakinta, ba za ta ƙara buɗe bakin ba.

Na yi ta jan ƙafa. Sau uku ina zuwa ɗakinta, ɗaki ɗaya da ɗan baranda a bayan gidanmu, gado a gyare tsaf irin na asibiti har za ka ji kunyar zama a kai, ƙaramin tebur da dutsen guga, da agogon bango biyar na marigayi da babu biyun da suka yarda da juna. Zuwan farko na yi mata hirar ciwon ƙafa. Na biyu na yi hirar jikoki. Na uku ban ma san me na faɗa ba.

A na huɗu, ran Asabar da la'asar, na tarar tana goge zanen da za ta ɗaura gobe. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“'Yar Yaya, sau huɗu ke nan kina zuwa kina kallon bango. Ko dai mijinki ne, ko likita ya gaya miki wani abu a kaina. Faɗi.”

Na faɗa. Duk jawabin da na shirya a kan keken ɗinki ya gudu, sai na faɗa mata yadda ita za ta faɗa wa wani. Na ce muryarta ta sauka, tana ɗauko waƙa ƙasa sosai, mutane ba sa iya bi, dattawa sun ce Malama ta karɓa.

Ta jingine dutsen gugar a tsaye. Ko a ranar ba ta ƙona zani ba. Ta ce in yi mata ɗari da sha bakwai yadda take a da. Na yi layin farko. Ta ɗora yatsu a maƙogwaro ta nemi ta kamo inda nake, ta hau, ta hau, sai muryar ta tsage ta koma iska. Ta sake gwadawa. Ba ta gwada na uku ba.

“Tun yaushe?”

“Fasto ya ce tun zuwansa.”

Ta ƙirga da yatsu, ta kai shida. Sai kawai ta tuntsire da dariya, har ta dafa tebur.

“Mutum ɗari biyu! Har da dattawa, har da masu digiri, ina ta gangarawa kuna biye da ni, babu wanda ya ce Goggo tsaya! To ashe fankar nan da aka kashe mana muka kusa suma, ni ce fankar?”

Na taya ta dariyar, har na fara cewa a raina abin ya zo da sauƙi. Sai dariyar ta tsaya mata a tsakiya. Ta goge ido da bakin ɗankwali ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

“Ashe tausayina kuke ji. Ni ina tsammani tare muke yabon Allah, ashe ni kaɗai nake yi, ku kuna jinyata. Har da ke.”

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Washegari ta riga kowa zuwa coci. Ba ta jira farkon wata ba, ita da kanta ta tare Malama a ƙofa ta ce mata yau ke za ki ɗauko, ki cika ƙirji kafin ki fara, kada ki kalli kowa. Malama ta ɗauko, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi daɗi. Yara suka ware murya har ana tsawata musu. Mata suka riƙa kallon juna suna murmushi kamar an sauke musu tulu daga ka. Ni ma bakina yana waƙa, amma idona yana kan Goggo. Tana tsaye a wurinta, littafi a buɗe daidai shafin, bakinta a rufe gam.

Lahadi biyar haka. Ba ta yi fushi ba, tana gaisawa, tana cin abinci, har tana yaba wa Malama, tare da gaya mata cewa tana saurin gudu a baiti na ƙarshe. Amma a gida ma shiru. Da can daga shago nake gane abin da take yi ta waƙar da ke bakinta, ta shara daban, ta wanke-wanke daban. Yanzu sai ƙarar tsintsiya kawai. Na kasa haƙuri, wata rana na tambaye ta ko da Allah take fushi.

“Da Allah? A kan me? Ya ba ni murya ta sama shekara arba'in ban biya shi komai ba, yanzu ya ba ni ta ƙasa. Tsufa ai ba hukunci ba ne, 'yar Yaya, na roƙe shi ne ya ba ni. Kawai dai ban san inda muryata take ba yanzu. Kunnena ya ce min daidai shekara shida, ƙarya yake. Kuma ba ni da wanda zan tambaya.”

Maganar ta tsaya min a rai fiye da ta ranar Asabar. Mu da muke durƙusawa duk sati muna furta zunubanmu, ba wanda ya taɓa tunanin sa wannan a ciki, domin mun sa masa suna girmamawa. Na yi addu'a a kai, irin addu'ar da ba ta da kai ba ta da ƙafa, na ce Ubangiji ni na ɓata, ban kuma san yadda ake gyarawa ba.

Gyaran bai zo ta hannuna ba. Akwai benci na farko ta hannun hagu, kusa da taga, inda tsofaffi shida suke zama, kowa da ɗan matashinsa. Babbansu shi ne Baba Direba, wanda ya yi shekara arba'in yana jan motar haya, shi da Goggo kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. A Lahadi ta biyar, bayan an tashi, ya tare mana hanya a baranda da sandarsa.

“Ke mai wanki, haka ake yi? Kin zubar da fasinja a tsakiyar hanya kin kashe mota.”

“Kai kuma me ya same ka?”

“Yarinyar nan tana da murya, Allah ya ƙara mata. Amma inda take hawa, ni ko da tsani ba zan kai ba. Mu shida sati biyar muna riƙe da littafi kamar an ba mu ajiya. Ni fa shekara shidan nan da ake ta magana a kai, ban taɓa jin daɗin waƙa a rayuwata kamar su ba. Ban san kuskure ba ne. Na ɗauka saboda mu kike yi.”

“Ba saboda ku ba ne,” in ji Goggo. “Tsufa ne.”

“To mu ɗin me ke damunmu? Ki dawo bencinmu ki ja mu ta ƙasa, su su yi ta samansu.”

“In na kauce fa? Kai za ka sani? Kunnenka ɗaya tun a mota ya mutu.”

“Wannan kuma gaskiya ne,” ya ce, ya janye sandarsa.

Muka kama hanyar gida, muka wuce kantin magani, muka wuce wurin mai faci. Sai a kwanar gidanmu ta tsaya.

“Zan koma bencinsu. Amma da sharaɗi. Za ki zauna a bayana ki saurara. Duk ranar da na kauce, ki gaya min a ranar, a bakin ƙofar coci, kafin mu taka titi. Ba gobe ba, ba bayan kin yi shawara da Fasto ba. Kin ɗauka?”

Na ce na ɗauka.

Asabar biyu Malama tana zuwa barandar Goggo, ita tana yin ta sama, Goggo tana lalubar inda ta ƙasa za ta zauna ba tare da sun yi karo ba. Ina jin su daga shago, su yi, su tsaya, su yi musu, su sake. Ran Lahadi Goggo ta ɗauki matashinta ta zauna tsakanin Baba Direba da wata tsohuwar ungozoma, ni kuma a bayanta. Malama ta ɗauko layin farko. A na biyu muka shiga, sai na ji wani abu mai kauri ya taso daga bencin taga ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu. Muryoyi bakwai ne da suka sha jiki, wata tana rawa, wata tana shaƙewa, amma suna tafe tare. Fasto ya ɗago kai daga littafinsa ya duba wajen. Ni kam baiti na farko bai fita daga bakina ba, hawaye ne suka hana.

Tun daga ranar haka muke yi. Waƙar shara ta dawo, ta wanke-wanke ma ta dawo. Kowace Lahadi a bakin ƙofa sai ta tsaya ta ɗaga min gira, ni kuma in ce daidai. Wata huɗu ina cewa daidai, kuma Allah ya sani daidai ɗin ne. Amma ina lura da ita, kowane sati kallon da take min yana ƙara tsawo, tana juya kalmar a ranta, ba ta san ko ta karɓa ba.

Lahadin da ta wuce, a baiti na biyu na waƙar rufewa, ta zame. Ba sosai ba, amma ta zame, ta kuma ja Baba Direba da ungozoma suka tafi tare, sai a amshi suka dawo hanya. Ban jin mutum biyar sun lura. Aka yi albarka, aka fito. A bakin ƙofa ga jama'a ana ta gaishe-gaishe, ita kuma fuskarta fal da murna, ta sha yabo daga wata baƙuwa. Ta juyo ta ɗaga min gira. Daidai ɗin nan ya zo har kan harshena, na haɗiye shi.

“Goggo, a baiti na biyu kin kauce. Kin ja Baba Direba ma.”

Ta tsaya cak. “A ina?”

Na matso kusa da kunnenta na yi mata wurin a hankali. Ta rufe ido ta saurara, ta gyaɗa kai.

“Nan ne. Ni ma na ji kamar ƙafata ta goce, na ce bari in ga.”

Sai ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam, muka sauka titi. Ba ta sake ni ba a kantin magani, ba ta sake ni ba a wurin mai faci. Muna cikin tafiya ta gyara murya ta ɗauko baiti na biyun daga farko, a tsakiyar titi da rana tsaka, ta girgiza hannuna ta ce, “Saurara da kyau, 'yar Yaya.”